Shin Kaduna za ta iya kafa sojojinta na sa-kai irin na jihohin Amurka?

Wani magidanci daga Rigasa ne ya turo tambayar, ga ta a taƙaice. Ya ji an ce a Amurka gwamnan jiha yana da sojojinsa na sa-kai waɗanda shugaban ƙasa ba shi da iko da su. In haka ne, me ya hana Kaduna ta kafa nata, a ɗebi samarin da ke kwana sintiri a ƙauyuka, a ba su kaki da manyan bindigogi su shiga dajin Birnin Gwari? Ya ƙara da cewa ƙanensa yana son shiga rundunar sintiri ta jiha, yana neman shawara.

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai rabin labarin aka ba ka. Rundunar tana nan, doka ta san da ita, kuma gwamna ne kaɗai ke juya ta. Amma in ka ga aikin da take yi a zahiri, za ka tarar ba ita ce kake nema wa Birnin Gwari ba.

Soja a Amurka hawa uku ne. Akwai na tarayya, wanda duniya ta sani. Akwai National Guard, wadda kowace jiha take da ita, amma iyayen gidanta biyu ne: ranar zaman lafiya tana hannun gwamna, ranar da shugaban ƙasa ya buƙace ta kuwa sai ya karɓe, ya tura ta yaƙi a ƙasar waje in ya ga dama, kamar yadda aka tura ta Iraƙi da Afganistan. Yawancin kuɗinta da makamanta ma daga tarayya suke fitowa. Sai hawa na uku, wanda kake tambaya a kai, wato rundunar tsaron jiha, wadda wasu jihohin ke kira State Guard. Dokar tarayya ta ce ba za a iya kiran wannan runduna a haɗa ta da sojan ƙasa ba, kuma 'ya'yanta ba su da haƙƙin albashi ko alawus daga aljihun tarayya. Duk jihar da take so ta kafa, ta ɗauki nauyi. Kusan jihohi 20 cikin 50 ne ke da ita a raye, da tsibirin Puerto Rico. Sauran sun ga ba su da buƙata.

Asalinta giɓi ne aka cike. Tun zamanin da Turawan Ingila ke zaune a gaɓar Amurka, kowane gari yana da mazajen da ke fitowa da bindigoginsu in an yi gangami. National Guard ma tana ƙirga haihuwarta ne daga 1636, a Masachusets. Dokar 1792 ta wajabta wa kowane farin namiji mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya shiga rajistar mayaƙan jiharsa, ya kuma tanadi bindigarsa da kansa. Tsarin ya yi ta tangal-tangal, domin manomin da ke fareti jefi-jefi ba ya zama soja. Saboda haka a 1903, sannan a 1916, majalisar dokokin tarayya ta gyara doka: tarayya za ta ba da kuɗi da horo da makamai, ita kuma ta samu ikon kwashe dakarun in yaƙi ya tashi.

Yaƙin kuwa ya tashi. A 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kwashe National Guard kaf aka mayar da ita ta tarayya. Gwamnoni suka wayi gari ba su da ko kurtu ɗaya da za su tura in gobara ta tashi, ko tarzoma, ko in wani ya yi wa gada zagon ƙasa. Nan jihohi suka shiga tara dattawa da waɗanda ba a ɗauka yaƙi ba. New York ta kafa tata a shekarar, kuma babban aikin da aka san ta da shi shi ne gadin doguwar hanyar ruwan da ke shayar da birnin. Ba abokin gaba ne ya kashe waɗanda suka mutu a wannan gadi ba. Yawancinsu annobar mura ta 1918 ce ta ɗauke su, wadda ta iso har ƙasar Hausa. Da aka gama yaƙi aka sallami rundunonin. A 1940, ganin wani yaƙin na tafe, majalisa ta sake ba jihohi izini. Teksas ta kafa tata a 1941. A 1947 aka sake rushe su. Sai a tsakiyar shekarun 1950 aka yi dokar dindindin da ake aiki da ita har yau.

Ka lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne ƙashin bayan amsarka. Ko a Amurka jiha ba ta wayi gari ta kafa soja don ta ga dama ba. Kundin tsarin mulkinsu ya hana jiha riƙe dakaru a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisar tarayya. Izini aka ba su, aka kuma shata masu iyaka.

To mene ne aikinsu? Ɗauki mutum ɗaya cikinsu. Ma'aikacin jinya ne, ko direba, ko tsohon soja da ya yi ritaya. Yakan je atisaye kwana ɗaya ko biyu a wata, da wasu 'yan kwanaki a shekara. A jihohi da dama ba a biyansa ko sisi a kan atisayen, kakin ma shi ke saya da kuɗinsa. Sai ranar da gwamna ya kira shi aiki ne ake ba shi alawus. Ranar da guguwa ta afka wa gaɓar teku, za ka same shi a babban ɗakin wasanni na wata makaranta, yana jera gadajen tafi-da-gidanka, yana rubuta sunayen waɗanda ruwa ya kora daga gidajensu, yana ware mai ciwon suga da ke buƙatar allura daga mai neman bargo kawai, wani abokin aikinsa kuma yana waje yana haɗa rediyon oba-oba saboda layin waya ya ɗauke. Abin da rundunar Teksas ta yi ke nan a 2005 lokacin guguwar Katrina da Rita. Ta New York ta taimaka da jigilar kaya da tsare-tsare bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Yawancin waɗannan rundunoni ba sa ɗaukar bindiga a bakin aiki. Suna da muƙamai irin na soja, suna ƙarƙashin babban hafsan da ke kula da dakarun jiha, amma ba a tura su daji farautar 'yan bindiga. Wannan aikin 'yan sanda ne, kuma a Amurka jiha tana da 'yan sandanta, gunduma tana da nata, birni yana da nasa.

Kuma kada ka ɗauka can ba a samun matsala. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnan jihar Yuta ya sallami kusan dukkan rundunar jiharsa bayan bincike ya gano masu tsattsauran ra'ayin wariyar launin fata da tsofaffin masu laifi sun cika ta. A 2015 gwamnan Teksas, Greg Abbott, ya umarci rundunar jiharsa ta sa ido a kan wani atisayen sojan tarayya, saboda jita-jitar da ta bazu cewa gwamnatin Obama za ta mamaye jihar. Da Ron DeSantis ya farfaɗo da ta Fulorida a 2022, abokan adawarsa sun yi ta cewa sojan kansa yake ginawa. Babban misalin kuwa ya faru ne da National Guard ɗin kanta: a 1957 gwamnan Akansas, Orval Faubus, ya jibge ta a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock don ya hana ɗalibai baƙar fata guda tara shiga. Shugaba Eisenhower ya ƙwace dakarun daga hannunsa, ya mayar da su ƙarƙashin tarayya, ya ƙara da sojan ƙasa, yaran suka shiga aji. Ka tambayi kanka abin da zai faru da a ce rundunar irin wadda ba a iya ƙwacewa ce, kuma tana da ƙarfi.

Mu dawo gida. A Najeriya amsar doka gajera ce: jiha ba za ta iya kafa soja ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa tsaron ƙasa, da makamai da harsasai da abubuwan fashewa, da 'yan sanda, duk cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya ce kaɗai ke yi masu doka. Sashe na 217 ya kafa sojan ƙasa da na ruwa da na sama ga tarayya, na 218 ya damƙa su ga shugaban ƙasa. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce, ba za a kafa wata ba ga tarayya ko wani yanki nata. Ana kiran gwamna shugaban tsaro na jiharsa, amma sashe na 215 ya ce in ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, kwamishinan yana iya neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa ko ministansa kafin ya aiwatar. Ba mu da wata doka irin ta Amurka da ta buɗe wa jihohi ƙofa.

Bindiga ma haka. Dokar makamai ta raba su gida uku. Irin su AK-47 haramtattu ne, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu tana hannun Sufeto Janar. Harba-ka-ruga kuwa kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da ta cewa. Shi ya sa gwamna zai iya sayen motoci da babura da kaki, amma ba zai iya cika sito da manyan bindigogi ba. Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin AK-47 ga dakarun sa-kan jiharsa a 2022, bai samu ba. Marigayi Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ta wannan kokawar saboda Amotekun, rundunar tsaron jihohin Yarabawa, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2020, ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce ta saɓa wa doka, har sai da majalisun jihohin Yarabawa suka yi mata dokoki ɗaya bayan ɗaya.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan ƙulli mugunta ce ta Abuja. Ni ba haka nake gani ba, domin mun taɓa rayuwa da akasinsa, kuma a Arewa abin ya fi ƙarfi. Kafin zuwan Turawa sarki yana da dogarai. Turawa suka bar su, daga baya, daga shekarun 1920, aka fitar da 'yan doka masu kaki da horo a ƙarƙashin En'e. Zazzau tana da nata, Kano tana da nata, Katsina da Sakkwato haka. Ta fuskar kama ɓarawo sun yi aiki, ba a musu. Ɗan doka ya san kowane lungu, ya san mai unguwa, ya san baƙon da ya sauka jiya da wanda ya sauke shi. Dattawan da ke cewa a da ɓarawon shanu ba ya kwana biyu ba a kama shi ba, ba ƙarya suke yi ba. Amma da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, sai ɗan doka da kotun alƙali da gidan yarin En'e suka zama igiya ɗaya a hannun mai mulki. Ka tambayi duk wanda mahaifinsa ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU ne. A hana izinin taro, in an yi taron a kama mai lacca, a kai shi gaban alƙali da laifin zagin sarki, kafin la'asar yana gidan yari. A Yammacin Najeriya ma 'yan sandan ƙananan hukumomi sun yi irin wannan aika-aika a rikicin zaɓen 1965. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 kwamitin da Yusuf Gobir ya jagoranta ya ba da shawarar a haɗe su da 'yan sandan Najeriya, gwamnatin Gowon ta aiwatar. Waɗanda suka rubuta kundin 1979, wanda na 1999 ya gada, da idonsu suka ga wannan zamani.

Sai dai ƙullin ya bar nasa giɓin, kuma a giɓin muke zaune. Kaduna ce mazaunin Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA tun 1964, ga Jaji, ga makarantar kuratan soja a Zariya, ga sansanin sojan sama, ga masana'antar ƙera makamai a Kakuri. Duk da haka aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, aka kwashe ɗalibai a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a Maris na 2024. Ba rashin soja ne ke damun jihar nan ba. Soja yana bariki ko yana sansani, ƙauyen kuma yana da tafiyar awa biyu a babur a kan hanyar da mota ba ta bi da damina. Wanda ke wurin ƙarfe biyun dare shi ne ɗan sintiri, da tocila ɗaure a goshi, da harba-ka-ruga wadda in ya harba sau ɗaya sai ya tsuguna ya ɗura albarushi ya danna da tsinken ƙarfe, alhali wanda ke gabansa yana da harsashi talatin a kwanso ɗaya. Na fahimci zafin da ya sa ka yi tambayar.

Jihohi sun bi ta gefen dokar ne. Kaduna ta yi wa hukumar sintirinta doka a 2016, zamanin Nasiru El-Rufa'i, ita ce ake kira KADVIS. A 2023 gwamnatin Uba Sani ta ɗebi mutum 7,000 daga ƙananan hukumomi 23 aka kai su horo Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Katsina ta ƙaddamar da tata a ƙarshen 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024. A idon doka babu soja ko ɗan sanda a cikinsu. Mataimaka ne: su tattara bayani, su yi sintiri, su kama wanda suka samu yana aikata laifi, su miƙa shi ga 'yan sanda.

Tarihinmu ya nuna irin waɗannan rundunoni suna iya ɓullewa ta kowace hanya. 'Yan kato da gora na Maiduguri, da suka taso a 2013, su suka nuna wa soja wane ne ɗan Boko Haram a unguwa, abin da sojan da aka kawo daga wata jiha ba zai taɓa ganewa ba. Sai da ɗan gari akan ci gari. Gwamnatin Borno ta horar da wasunsu ta sa masu alawus, aka ɗauki wasu aikin soja. Hukumar Sibil Difens ta fara ne a 1967 a Legas a matsayin 'yan sa-kai masu wayar da kan jama'a game da harin jiragen yaƙi, ba ta samu dokar kanta ba sai 2003, izinin riƙe makami kuma sai 2007. A ɗaya hannun ga 'yan Bakassi a Anambra, waɗanda gwamnatin jiha ta rungume a 2000 ana yi masu tafi saboda sun kori 'yan fashi, kafin shekara biyu suka koma yanka mutane a kasuwa ba shari'a, har tarayya ta murƙushe su a 2002. Ga kuma abin da ya fi kusa da mu. Duk mai bin rikicin Zamfara ya san rawar da wasu 'yan sa-kai suka taka wajen rura shi: a tare Bafulatani ranar kasuwa a kashe shi saboda kamanninsa, danginsa su shiga daji su sayi bindiga. Wannan wutar ce ta tsallako mana ta Birnin Gwari.

A jiha irin tamu abin ya fi haɗari. Garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011, har kogi ya zama iyaka tsakanin unguwanni, dole ya yi tambayar da ɗan Teksas ba zai yi ba: rundunar da za a ba manyan makamai, 'ya'yan waye a ciki, wa ya rubuta sunayensu, kuma mutumin Kafanchan da na Giwa duk za su ɗauke ta tasu?

Don haka ni ba bindigar nake fara dubawa ba. Awa ta farko bayan kamu nake dubawa. An kama saurayi da daddare a bakin kasuwa ana zarginsa da kai wa 'yan daji burodi da fetur. Shin akwai littafin da aka rubuta sunansa da lokacin kamun da sunan wanda ya kama shi? An kai shi wurin baturen 'yan sanda kafin gari ya waye, ko an ɗaure shi a bayan ofis ana dukansa ya faɗi abokan aikinsa? In ya mutu a hannu, wa za a tuhuma, a wace kotu? Abin da ya sa rundunar jihar Amurka ta cancanci sunan soja ba makami ba ne, domin yawancinsu ba su da shi. Dokar ladabtarwa ce, da jerin shugabanni da kowa ya san wanda ke samansa, da bincike kafin ɗauka, da ikon korar ɓata-gari. Wannan kam za mu iya kwaikwaya gobe, ba sai an taɓa kundin tsarin mulki ba. Haka ma aikin agaji: duk damina Kogin Kaduna yana shiga gidaje a wajen Kigo Road da sauran unguwannin bakin ruwa, kuma dubban matasa masu horo da sun san yadda ake kwashe mutane da buɗe sansani za su rage asara ƙwarai.

Abin da kake nema wa daji kuwa, wato mutanen jiha masu makami na gaske da ikon bincike, sunansa 'yan sandan jiha, ba sojan jiha ba. Hanyarsa gyaran kundin tsarin mulki ce: kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisar tarayya, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ina goyon bayansa, da sharaɗin kada ɗauka da kora da ƙarin girma su zama a aljihun gwamna shi kaɗai, kuma a bar wata ƙofa da tarayya za ta iya shiga in gwamna ya juya su kan abokan hamayyarsa.

Game da ƙanenka, ban ce ka hana shi ba. Aiki ne na halal, al'umma tana buƙatarsa. Amma ya tabbatar ta hannun hukumar jiha ya shiga, sunansa yana cikin rajista, yana da katin shaida, ba ƙungiyar da wani ɗan siyasa ya tara a unguwa ya ɗinka mata kaki ba. Ya tambayi nawa ne alawus kuma daga wane ofis yake fitowa. Ya tambayi abin da aka tanada in ya ji rauni ko ya rasu, ya nemi ganinsa a rubuce, musamman in yana da iyali. Kada ya riƙe bindigar da ba ta da takarda ko da shugabansa ne ya miƙa masa, domin ranar da aka kama shi da ita shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali. In kuma aka ce ya bi ayari cikin daji, ya duba ko akwai soja ko 'yan sanda a tafiyar da kuma wanda ya ba da umarnin. In babu, ya tsaya a bakin aikin da dokar hukumarsa ta ba shi.